Shagon da ya buga mana tarihin cocinmu a Shomolu: inji lafiya, amma sai ka tsaya a kansu

Masu ta tambayata a ina muka buga ɗan littafin tarihin cocinmu da aka raba ranar bikin godiya, toh a Shomolu ne, wani shago cikin lungunan da ke bayan titin Bajulaiye. Ba zan kama sunan shagon ba tunda akwai inda zan yabe su akwai kuma inda zan taɓa su, kuma ba na son in shiga tsakanin mutum da abincinsa, wanda yake so ya tare ni bayan sujada in kwatanta masa. In za a ba su maki cikin 10 ni 7 zan ba su. Injinsu lafiya lau, yaran da ke haɗa littafi sun iya aiki, kuɗinsu ba na zalunci ba ne, amma duk abin da ya shafi cikin littafin, sunaye da shekaru da hotuna, kar ka kuskura ka bar musu ka tafi gida ka kwanta.

Aikin da muka kai musu ba wani babba ba ne a wurinsu, mutanen da ke buga fastocin 'yan siyasa dubu-dubu. Littafi ne shafi 64, girman A5, kwafi 200, duka da Hausa, da hotuna a tsakiya. Cocinmu ƙarami ne, ranar da aka cika sosai ma kujerun roba ba sa ƙarewa. Yawancinmu 'yan EYN ne, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, daga gida, mutanen Michika da Askira da Lassa da Chibok da Biu, wani Margi wani Bura wani Kamwe wani Kibaku, Hausa ce ta haɗa mu, kuma masu gadi ne da 'yan acaɓa da direbobi da 'yan sanda da matan sojoji. An fara ne da addu'ar yamma a ɗakin wani maigadi a wajen Agege, aka koma ajin wata makaranta ana biyan haya ranar Lahadi, sannan aka samu rumfar kwano da muke ciki yanzu. Amma cikin waɗanda suka fara akwai wani dattijo da muke kira Baba wanda ba ɗan arewa ba ne sam, ɗan Akwa Ibom ne, tsohon ɗan sanda da ya yi aiki a Mubi ya auri 'yar can, Hausarsa ta fi ta wasu yaranmu da aka haifa a Legas. Shi a cocin Menonait ya tashi a wajen Uyo. Shi ne ya kafe ya ce in dai za a rubuta tarihi to sai an sa babi guda a kan Menonait, don a cewarsa ranar da ya fara ganin mutanen matarsa suna wanke wa juna ƙafa kafin Jibin Ubangiji ya san ya zo gida. Dattawa suka yarda, aka ɗora min rubutun wannan babin tare da shi, kuma wannan babin ne ya fi shan wahala a hannun shagon, shi ya sa zan daɗe a kansa.

Zuwa wurin ba wuya. Ka hau BRT ko danfo a titin Ikorodu ka sauka Onipanu ko Palmgrove, ka shiga ciki da keke. Acaɓa kam manta da shi, tun 2022 aka hana shi a Shomolu. Unguwar gaba ɗaya ƙarar inji ce da janareto da warin tawada, masu turin baro suna ta wucewa da rim-rim na takarda, kuma kana sa ƙafa yara za su yanyame ka oga me za ka buga, oga zo nan. Yawancinsu 'yan kamasho ne ba su da inji ko ɗaya, su karɓi aikinka su ɗora nasu su kai wa mai inji. Shagon da muka je na mai inji ne da kansa, kana tsaye kana ganin na'urarsa ta bugu, Kord, tana aiki, wannan kaɗai ya rage mana kuɗi.

A maganar kuɗi ogan ya burge ni don bai yi mana rufa-rufa ba. Ya zaunar da mu ya ce in kwafi kaɗan ne, kamar 50, gara a buga kai tsaye daga kwamfuta wato DI, ba ruwanka da filet, farantin da ake ɗora wa inji ya buga. In kuma an haura ɗaruruwa to Kord ta fi sauƙi, don kuɗin filet sau ɗaya ake biyansa, yawan kwafi ne ke narkar da shi. Mu 200 muna tsaka-tsaki, sai ya raba mana, cikin littafin baƙi da fari a Kord a kan takarda mai giram 70, bango da shafukan hotuna masu kala a DI. Ya kuma gargaɗe mu cewa farashin da ya ba mu na mako guda ne saboda takarda daga waje ake kawo ta, dala ta motsa ita ma ta motsa, kuma haka aka yi, maƙwabcinsa da muka fara tambaya kafin mu dawo ya ƙara. An ba da kashi 70 cikin 100 kafin a fara, sauran ranar karɓa, ya rubuta rasit da hannunsa har da irin takardar da nauyinta. Ku nemi wannan rasit ɗin, don a Shomolu ana nuna maka takarda mai kauri a buga maka a mai shara-shara.

Inda aka fara samun matsala wurin taifin ne. Rabin rubutunmu da hannu yake, dattawa sun rubuta abin da suka tuna a littafin makaranta, wasu kuma mun ɗauki muryarsu a waya muka kwafe. Yarinyar da ke taifin a shagon Bayarabiya ce, tana da sauri kuma tana da haƙuri, amma ba ta jin Hausa ko zo in kashe ka, harafi-harafi take bi. Duk ƙ da ɗ da ɓ ta mai da su k da d da b, waɗanda muka kawo a filashi da ƙugiyarsu kuma da aka zuba su cikin CorelDraw sai suka koma akwati-akwati saboda samfurin rubutun da mai dizain ya zaɓa ba shi da su. Shi ko a jikinsa, wai ai ba wanda zai lura. Sai da na sa ya canja zuwa Times New Roman sannan suka fito. Wannan ba laifin shagon nan kaɗai ba ne, amma mutum yana karɓar aikin Hausa a garin da ke da Agege da Idi-Araba da Mile 12 ai ya kamata ya san da zancen.

Sai shekaru. A babin Baba mun rubuta cewa tarihin Menonait ya faro ne a Zurik ta ƙasar Siwizalan ranar 21 ga Janairu 1525, lokacin da Conrad Grebel da Felix Manz da George Blaurock da wasu 'yan tsiraru suka yi wa juna baftisma a cikin gida, don sun ce baftisma ta wanda ya ba da gaskiya da hankalinsa ce ba ta jariri ba, kuma gwamnati ba ta da hurumin tsara wa ikilisiya bangaskiya. Furuf, wato samfurin dubawa kafin bugu, na fitowa sai na ga 1925. Mai taifin a ganinta ta gyara mana ne, wai wane irin coci ne tun 1525. Abin dariyar shi ne 1925 ɗin ma tana cikin babin a wani wurin, shekarar da aka fara babban taron Menonait na duniya, to ka ga da ya wuce haka sai mai karatu ya ɗauka duka abu ɗaya ne, shekara 400 sun tafi a banza. Menno Simons kuma, firist ɗin Katolika na ƙasar Holan da ya bar cocinsa a 1536 ya shiga cikinsu har sunansa ya bi su, ya koma Memo Simon a wuri uku. Felix Manz da hukumar Zurik ta nutsar a kogin Limmat a 1527 shi an bar masa sunansa amma an mai da kogin Limit. Baba da ya gani dariya ya yi ta yi har da tari, ya ce ɗana, mutanen nan an kashe su sau ɗaya a Turai ga shi za a sake kashe su a Shomolu.

Bango ne ya ɓata min rai da gaske. Mun ce a sa hoton rumfarmu a gaba, a baya kuma wani abu da ya shafi tarihin. Mai dizain ya shiga intanet ya buga Menonait, abin da ya fara fito masa ya kwaso, Bature mai dogon gemu da malafa a cikin keken doki. Na ce masa wannan Amish ne, sun rabu da sauran tun 1693 a ƙarƙashin Jakob Ammann, kuma ko cikin Menonait masu keken dokin 'yan kaɗan ne. Ya ce amma ya yi kyau ai oga. Kyau kam ya yi, sai dai ƙarya ne a kan littafinmu. Yau masu baftisma a wannan dangin ikilisiyoyi sun haura miliyan 2 a duniya kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawansu, Habasha da Kwango su ne manya. Na Habasha ma gwamnatin soja ta rufe cocinsu a 1982 ta kama shugabanni, suka koma taruwa gida-gida a ɓoye, da aka sake buɗewa bayan faɗuwar gwamnatin a 1991 sai aka tarar sun ninka sau da yawa. To in za ka zana Menonait na yau ai baƙar mace ce da ɗankwali ta fi kusa da gaskiya. Da ƙyar ya cire, kuma ya so ya caje mu kuɗin sabon dizain, ogan ne ya hana.

Abin da muka sa a madadinsa tsohon zanen nan ne na Dirk Willems, kuma a nan zan ba su haƙƙinsu, bugun ya fito tsaf. Zane ne mai siraran layuka, irin wanda in inji bai da kyau sai ya dunƙule ya zama baƙi ƙirin, amma har tsagewar ƙanƙarar ana gani. Labarin a 1569 ne a Holan, mutumin ya tsere daga kurkuku ya bi ta kan tafkin da ya daskare, mai bin sa ya rufta ciki, shi kuma ya juyo ya ciro shi, aka kama shi aka ƙone shi a kusa da garinsu Asperen. A shagon akwai wani yaro Bahaushe haifaffen Agege, Musulmi, yana ɓangaren yanka da naɗe takarda, shi ya tsaya ya karanta rubutun ƙarƙashin hoton ya ce min Malam, wai da gaske ya dawo ya cece shi? Na ce haka tarihi ya nuna. Ya girgiza kai ya ce shi kam da ya ƙara gudu. Na ce ni ma ban san me zan yi ba gaskiya. Daga ranar yaron nan ya zama mai duba mana furuf ba tare da an sa shi ba, shi ya kamo inda aka tsallake layi biyu a shafin zumuntar mata, shi ya ga an juya hoton mawaƙa hagu ta koma dama har rubutun rigarsu ya birkice. In kun je ku nemi a haɗa ku da shi, kuma ku ba shi na ruwa, don ba a cikin albashinsa yake ba. Rabin makin da na ba shagon nasa ne.

Ɓangaren Najeriya a babin shi ne Baba ya fi damuwa da shi, kuma shi ne ba za ka samu a bakin kowa a Legas ba. Menonait ba su shigo kudu maso gabas kamar sauran mishan ba, a ce Bature ya zo ya kafa tasha ya fara neman mutane. Coci-cocin ne da ma suna nan masu zaman kansu a ƙasar Ibibio, su suka rubuta wasiƙa Amurka a 1958 suka ce suna so a haɗa da su, har sun ɗauki sunan. Hukumar mishan ɗin Menonait da ke Elkhart a jihar Indiyana ta turo Edwin Weaver da matarsa Irene a 1959, mutanen da suka riga suka yi shekaru a Indiya. Da suka iso Uyo suka tarar gari cike da coci iri-iri kowa na jan nasa, sai suka ƙi bin hanyar gina sabuwar ɗarika da yawan makarantu, suka fi ba da ƙarfi ga koyar da Littafi Mai Tsarki da sasanta masu zaman kansu da na mishan. Baba ya ce iyayensu ba su ji daɗin haka ba ko kaɗan, su makaranta da asibiti suke so kamar yadda maƙwabta suka samu, kuma ya nace a rubuta wannan yadda yake kar a shafa masa mai. Yaƙin basasa ya tashi a 1967 Turawan suka fita, cocin ya ci gaba da kansa har yau. Na so wannan gaskiyar tasa, don yawancin littattafan bikin coci da nake gani yabo ne daga bango zuwa bango, kowa waliyyi, ba wanda ya taɓa yin faɗa a kan kuɗin baiko.

Mu namu ɓangaren na 'Yan'uwa kowa ya san shi, an faro a Schwarzenau ta Jamus a 1708, mutum 8 har da Alexander Mack suka yi baftisma a kogin Eder, sannan a Najeriya Stover Kulp da Albert Helser suka faro a gindin tsamiya a Garkida ranar 17 ga Maris 1923. Dangi ne da Menonait amma ba ɗaya ba, mu nutsarwa sau uku ta gaba, yawancin nasu na Turai da Amurka zuba ruwa a ka, abin da ya haɗa mu baftismar manya da ƙin ɗaukar makami da ƙin rantsuwa. Kuma e, na san tambayar da za ku yi, coci mai ƙin makami cike da 'yan sanda da matan sojoji. An yi wannan gardamar a kwamiti har dare, a ƙarshe aka sa ta a littafin a shafi guda ba tare da an yanke hukunci ba.

Shafi 64 ɗin nan ya takura mu, don ogan ya ce lissafin filet 16-16 yake tafiya, in mun haura sai dai mu tafi 80 kuɗi ya ƙaru. Dole muka yanke labarin ƙaurar Menonait zuwa Fensilbaniya a 1683 da zuwa daular Rasha a 1789 ya koma sakin layi ɗaya. MCC kawai muka bari da ɗan tsawo, ƙungiyar agajinsu da aka kafa a 1920 saboda yunwa a yankin Yukren, tunda mutanenmu da suka zauna a Jos sun san ta. Abin da ba mu taɓa ba shi ne shafukan 2014. Shekarar da aka kwashe 'yan matan Chibok 276 a watan Afrilu, yawancinsu 'ya'yan EYN, a watan Oktoba kuma hedikwatar EYN a Kwarhi ta faɗa hannun Boko Haram shugabanni suka koma Jos. A lokacin rumfarmu ta cika har waje, kowane ɗaki a Agege da ka sani na ɗan gida akwai mutum goma a ciki. Mun jera sunayen 'yan'uwan membobinmu da aka rasa, shafi huɗu, kuma a nan na ce wa mai taifin ta tashi ni zan zauna da kaina, sunan Margi da Kamwe ba abin da za a bar wa mai bin harafi ba ne. Ba ta yi musu ba, ta ba ni kujerar har ta sayo min ruwa. Bayan nan littafin ya faɗi yadda muka sake raguwa, wasu sun koma gida, hana acaɓa a 2020 da 2022 kuma ya kwashe samari da yawa zuwa Ogun da Abuja.

Tsofaffin hotunanmu sun sha jiki, wasu ruwa ya taɓa su wasu sun manne da leda. Sikanin ɗinsu mai kyau ne, sun fito da fuskoki a hoton ɗakin maigadi da ni kaina ban taɓa gane su ba. Amma mai dizain ya so ya wuce gona da iri, ya sa wata manhaja ta gyara fuskar marigayiya shugabar zumuntar mata ta farko, ta fito sumul kamar 'yar fim har tsagen fuskarta ya ɓace. 'Yarta da ta gani a WhatsApp ta kira ni ta ce Baban yara wannan ba Mama ba ce. Aka mayar da na asali da dishi-dishinsa. Ku faɗa musu tun farko kar a taɓa fuskar kowa. Rasit ɗin hayar aji na farko da shafin farko na littafin baiko su ma mun sa an yi sikanin ɗinsu, kuma su ne suka kashe gardamar wa ya riga wa zuwa, don dattawa biyu kowa ya ce a ɗakinsa aka fara.

Lokaci kuma sun saɓa. An ce Laraba, sai Juma'a da daddare muka karɓa, biki kuma Lahadi. Uzurin wuta ne da dizal, da wani babban aiki da ya shigo aka ture namu gefe, wannan na biyun ba su faɗa ba yaron ne ya tsegunta min. Baindin na gam ne, ya kama sosai, na buɗe ɗaya na danne shi har ƙasa bai saki ba, laminashin bangon ma bai kumbura ba. Cikin 200 mun samu 6 da aka yanka a karkace da 2 da shafukan tsakiya suka juye, ogan ya karɓa ya canja ba gardama don da ma sun buga rara.

Wanda zai kai irin wannan aikin, ko na coci ne ko na masallaci ko na ƙungiyar 'yan gari, ya yi taifin ɗinsa a gida wurin mai jin Hausa, ya kai a PDF yadda ba mai iya taɓa harafi, hotuna kuma daban a filashi kowanne da sunansa. Kar ka yarda da furuf a waya, ka ce a buga maka a takarda ka kai wa dattawa su karanta da tabarau, ka sa hannu a kowane shafi kafin a yi filet, don bayan filet duk gyara kuɗinka ne. Ka kuma faɗa musu ranar biki ta ƙarya, ka ja ta baya da mako guda. Za mu koma wurinsu in Allah ya kai mu ƙarshen shekara don kalanda, amma na riga na gaya wa ogan wancan mai dizain ɗin ba zai taɓa mana aiki ba, ya ce ba komai yana da wani.